Rabin Rufinmu

Gidanmu a Kubwa irin tagwayen gidajen nan ne da gwamnati ta gina wa ma'aikata: gida biyu manne da juna, bango ɗaya a tsakiya, rufi ɗaya a sama. Mu ne a hannun dama. A hagu mutanen kudancin Kaduna ne, Mista Thaddeus da matarsa Rosemary, wadda ni ban taɓa kira da sunanta ba sai Maman Kure. Kusan tare muka tare a layin, tun lokacin da bayan gidajenmu gonakin dawa ne kuma motar shiga gari sai an yi kokawa.

Ita ta riƙe mini hannu a cikin mota ranar da zan haifi Bilki. Ni na riƙe mata kicin da aka yi mata rasuwar mahaifiya. Ina da 'yan'uwa cike da gida a Zariya, kuma ina son su, amma in ciwo ya kama ni Maman Kure nake fara kira. Mazajenmu ma haka. Ma'aikatarsu daban, sai dai kullum da safe tare suke shiga gari a tsohuwar Fijon maigidana, Malam Manniru, suna gardamar siyasa tun daga ƙofar gida har sakatariya. Na sha cewa duk ranar da mutanen nan suka tashi, ni ma Kubwa ta fita daga raina.

Duk tsawon zaman nan babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi rufin a cikinmu. Na gwamnati ne, me zai sa ka wahalar da wuyanka? Asbestos ne, irin kwanon simintin nan mai ruwan toka. In ya yi yoyo Malam ya kai ƙara ofis, mu tara roba mu jira, wani lokaci a turo masu gyara, wani lokaci rani ya riga su zuwa.

Sai aka shiga shekarun nan da Abuja ta cika da tifofin yashi, kowa da wayar salula a kunne, gwamnati kuma ta ce ta gaji da riƙon gidaje, kowane ma'aikaci ya sayi wanda yake ciki. Muka saya, su ma suka saya. Daga ranar da aka miƙa wa Malam takardar gida tafiyarsa ta canza. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai na yi ta magana, shi ne yanzu yake zagaya gida hannu a baya yana ƙwanƙwasa bango. Layinmu kuwa ya rikice da gasa. Wannan ya sa ƙaton get, wancan ya yi fenti, na kusurwa ya cire asbestos ya sa jan kwano mai ɗaukar ido. Wannan jan kwanon shi ya hana Malam sukuni.

Ya ce shi shuɗi zai sa, dogon kwanon alminiyam. Ya tuntuɓi Mista Thaddeus a mota, shi kuma ya ce masa Kure na jami'a a Jos, ƙannensa na tafe, rufi ya jira tukuna. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe Malam ya riga ya yanke shawarar zai yi nasa rabin.

Na ce, "Baban Bilki, yaya ake raba rufi?"

Ya ce, "Yadda aka raba takarda. Nawa daga bango zuwa nan, nasa daga bango zuwa can. Ina wahalar?"

Ya ɗauko wani kafinta mai suna Nababa, mutumin kirki, amma bai iya cewa a'a ba. Da za ka ce masa ya kafa maka rufi a kan iska, zai ce "An gama, oga." Matsalar da aka samu ita ce tudu da kwarin tsohon asbestos daban, na sabon kwano daban, ba sa hawa kan juna. Nababa ya sosa ƙeya, ya cusa siminti a tsakani, ya manna wani ƙyallen kwalta a kai, ya sauko ya ce ko guguwa ba ta isa ba. In ka tsaya a titi ka hango gidan sai ka ce mutum ne aka yi wa aski aka tsaya a rabi. Malam bai ga haka ba. Da yamma yakan fita bakin titi kamar mai jiran wani, alhali rufinsa yake kallo.

Daminar nan ko ɗigo bai sauka a ɗakinmu ba, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da na lura da shi kawai, Maman Kure ta rage barina in zauna a falonta. Ina sallama sai ta tare ni a ƙofa ta ce mu je wajena, fankata ta fi sanyi. Ranar da na samu na shiga na tarar ta rataya wani ƙaton labule mai furanni, ya rufe bangon da ke tsakaninmu daga sama har ƙasa. Na yaba, har na tambaye ta inda ta sayi yadin. Ta yi dariya ta ce kasuwar Wuse, ta ja ni kicin.

Ƙanƙara ta sauko mana ne a farkon damina ta gaba, wata Asabar bayan azahar. Tun safe ake wani zafi mai sa mutum faɗa da kowa. Hadari ya haɗu ta wajen Dutse, iska ta taso ta kwashe mini shanya, sai na ji ƙwas a kan rufi kamar an yi jifa. Kafin in buɗe baki in yi wa 'ya'yan maƙwabta faɗa, abin ya sauko gaba ɗaya. Wasu kamar goro, wasu sun kai ƙwan zabo. A ƙarƙashin kwanon Malam kuwa ko maganar wanda ke kusa da kai ba ka ji. Na hango shi ya yayumo bargo zai fita ya rufe gilashin Fijo, na damƙe rigarsa na ce motar tana da bakanike, kansa ba shi da shi.

Ba ta daɗe ba, amma ta yi aiki. Da ta tsagaita tsakar gida ta yi fari fat, ganyen mangwaro a yayyage ko'ina, ruwa kuma ya ci gaba da zuba. Wata tsohuwa a gidan da ke kallonmu ta fito da kwalba tana tsinta, wai maganin ƙurajen zafi ne. Malam ya tsaya a baranda ya leƙa silin ɗinmu, ya ga a bushe, ya fara murmushin nan nasa na wanda ya ci gardama. Daidai nan muka ji muryar Maman Kure tana kirana.

Falonsu ya zama rafi. Asbestos ya tsufa, ƙanƙara ta farfasa shi, ta wani wurin har sama kake hangowa. Silin ya yi ciki ya zazzago, ruwa na bin wayar fanka yana ɗiga. A nan dai na yaba wa Malam, don kafin kowa ya taɓa komai ya ruga ya kashe wutar gidan daga mita. Mista Thaddeus ya ce kowa ya matsa daga ƙarƙashin inda ya kumbura, ya tara baho, ya huda wurin da sandar mofa don ruwan ya zube kafin silin ya rufto. Muka shiga kwasar kaya zuwa namu falon, kujeru, katifu, talabijin, keken ɗinkinta. Ina cikin haka na ga labulen nan mai furanni ya fara jiƙewa, na ce bari in cece shi. Na finciko shi daga igiya.

Bangon da ke bayansa baƙi ne ƙirin daga sama, ya yi kore-kore a ƙasa. Fenti ya kumbura ya ɓare, filasta na zubowa in ka taɓa, ga warin danshi da ya daɗe. Ni malamar firamare ce, ba magina ba, amma na san ruwan yau ba ya yin wannan. Na ɗaga kai na bi sawun baƙin, ya kai ni daidai inda shuɗin Malam ya haɗu da tokarsu. Na juyo. Maman Kure na tsaye da tukunya a hannu, ta kau da kai.

Ban ce komai ba sai da muka keɓe a kicin ɗina. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ruwan farko na bara. Ba wani abu ba ne, Maman Bilki. Muna sa bokiti."

"Damina guda kina kwashe ruwan rufina, ina shigowa kina nuna mini labule?"

"Oga, Baban Kure, ya ce kada in faɗa. Ya ce Malam yana murna da rufin nan, kowa ya gani. In mun yi magana zai zama kamar muna baƙin ciki ne don mu ba mu yi ba." Ta ajiye tukunyar. "Ke fa? In da namu ne yake zuba a ɗakinki, za ki zo ki faɗa mini?"

Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa, sai na rufe. Da ni ce, da labulena ya fi nata kauri.

Aka samo tamfol aka lulluɓe musu rufi, aka danne da bulo. Kayansu suka zauna a falonmu, muna ci tare, muna hira, kowa na yi kamar ba a ga bango ba. Ban faɗa wa Malam ba a lokacin, don a ruɗanin ranar shi bai lura ba, ni kuma ina neman bakin da zan fara. Ana cikin haka wata yamma na dawo daga makaranta na tarar da Maman Kure a tsakar gidanta tana naɗe kwanukan tangaran da jarida tana jerawa a kwali.

Ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Oga ya yi magana da ejan, dillalin gidaje. Za mu sayar. Muna da ɗaki biyu a filinmu na Tungan Maje, za mu lallaɓa a can."

"Saboda ƙanƙara? Ai rufi ake gyarawa, ba ƙaura ake yi ba."

"In mun sa sabo ma, wurin haɗin nan zai ci gaba da zuba, sai an taɓa na Malam. Oga ya ce shi ba zai iya ce wa Malam ya cire rufinsa ba. Ya ce gara mu tashi muna shiri da a zauna a fara 'yar tsama. Yanzu kowa zai ce ƙanƙara ce ta kore mu, babu wanda zai ji kunya."

Na zauna a kan turmi ina kallon kwalayen. Tungan Maje ba Legas ba ce, na sani, amma na san yadda zumuncin Abuja yake. A fara da zuwa duk mako, a koma sai Sallah da Kirsimeti, daga nan sai gaisuwa a waya. Wai mutane biyu masu furfura, da suke shiga mota ɗaya kullum suna zagin 'yan majalisa, sun kasa faɗa wa juna cewa rufi na yoyo.

Bayan isha'i na faɗa wa Malam komai, ban rage ba, ban kuma sa masa zuma ba. Da farko ya taso da gardama, wai Nababa ya ce ko guguwa. Na ce to ya hau ya gani da idonsa, tunda gidan nasa ne, takarda ma ta ce haka. Malam tsoron bisa yake yi, ko kujera ba ya takawa.

Ranar Lahadi da safe, su Maman Kure na fita coci, sai ga Nababa da tsani. Na riƙe ƙafar tsanin ina karanto duk addu'ar da na iya, Malam na hawa yana nishi, tumbinsa na gogar kowane mataki. Nababa na gaba yana ce masa ya taka kan layin ƙusa kawai, nan ne katako yake a ƙasa, kada kuma ya kuskura ya ɗora ƙafa a kan asbestos. Suka daɗe a sama. Da ya sauko sai da ya zauna a ƙasa ya sha ruwa kafin ya iya magana.

Ya ce daga ƙasa ne kawai rufinsa yake da kyau. Kwanon ba shi da kauri, ƙanƙara ta lotsa shi ko'ina, ruwa na kwance a cikin lotsawar. Robobin kan ƙusoshi da yawa sun tsage. Mazirarar ruwa ta bakin rufi ta cika da ganyen mangwaro har wani abu ya tsiro a ciki. Wurin haɗin kuwa, rana ta busar da kwaltar ta dare, simintin ya rabu, hannunsa ya shige har wuyan hannu. Duk ruwan da ya sauka a gefen nan na shuɗin, kai tsaye bangon Thaddeus yake bi.

Ya ce, "Ikilima, na cuci mutumin nan, kuma kullum yana gaban motata yana ba ni labari."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai tausayinsa ya kama ni, duk da na yi niyyar in ɗan ƙara gasa shi. Ya ce zai je ya ba shi haƙuri, ya ce shi zai yi musu sabon rufi. Na ce ya san Thaddeus sarai. Zai yi dariya ya ce babu komai Malam, gobe kuma ya sa hannu a takardar ejan. Mutumin da ya zaɓi ya bar gidansa don kada ya ba ka kunya, ba zai karɓi kyautar rufi daga hannunka ba.

Malam ya miƙe ya ce wa Nababa ya kira abokan aikinsa su zo da kayan cire ƙusa.

Na ce, "Su cire me?"

"Shuɗin."

"Baban Bilki, damina ce fa. Kayan gida biyu ne a falon nan."

"Na sani. A nemo tamfol."

Nababa ya ce, "An gama, oga," kamar an aike shi sayen goro. Ni kuwa na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce wannan wace irin dabara ce, gida ɗaya ya lalace sai a lalata na biyu? Na tuna masa littattafan 'yan ajina, da buhun shinkafa, da keken ɗinkin mutane. Yana tsaye hannu a baya, irin tsayuwar da yake yi a bakin titi, yana kallon ana sauko da kwanon da ya fi ƙauna ɗaya bayan ɗaya ana jinginawa a katanga. Ina faɗan ina tura kaya ƙarƙashin tebur, kuma can cikin raina na fara gane inda ya dosa.

Wajen azahar su Mista Thaddeus suka dawo, shi da kwat, ita da ɗaurin ɗankwalin coci. Suka tsaya a bakin get. Rabin gidanmu katako ne tsirara, ana hango sama ta cikinsa, gabas kuma ta fara haɗa baƙi.

Mista Thaddeus ya ce, "Malam, lafiya? Me ya faru da rufinka?"

Malam ya ce, "Ƙanƙara ta lalata shi. Na hau na gani." Ya gyara tsayuwa. "Na kuma ga abin da yake yi wa bangonka tun bara. Wannan maganar za mu yi ta a mota, kuma kai ma sai ka amsa tambaya. Yanzu dai ga ni ba rufi, kai ma ba rufi. Kafinta ya ce rabi ba ya yiwuwa, sai dai a shimfiɗa ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ni kaɗai ba ni da ikon taɓa naka. Ka taimake ni, iyalina na cikin ruwa."

Nababa, wanda bai taɓa cewa wani abu ba ya yiwuwa ba tunda aka haife shi, ya gyaɗa kai daga saman katako.

Mista Thaddeus ya ce, "Ejan zai kawo mai saye jibi."

"Ya kawo shi. Ka nuna masa maƙwabcin da zai zauna da shi."

Mista Thaddeus ya dubi katakon, ya dubi kwanon da ke jingine, ya dubi hadarin. Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda tabarau ke buƙata.

Ya ce, "Malam, ka san ba ka da hankali?"

"Ikilima ta faɗa mini tun ɗazu."

"Ni zan yi nawa rabon, kai ka yi naka. Ba kyauta ba."

"Ban ce kyauta ba."

"Kuma mai kauri za mu saya. Gobe in mun tashi aiki mu biya kasuwar Dei-Dei, ni zan taɓa kwanon da hannuna, don kai launi kawai kake gani." Ya tuɓe kwat ɗin ya miƙa wa matarsa, ya naɗe hannun riga. "Ina tamfol ɗin? Ruwan nan ba zai jira mu ba."

Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro. Maman Kure na tsaye rungume da kwat, hawaye na bin fuskarta tana dariya, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba. Na ce mata kwalayen nan a kwance su yau ba gobe ba, amma tukuna ta zo ta kama mini katifa.